Talatar Baba Lusiyan

Ranar da na fara aiki a gidan, Madam Halina ta tsayar da ni a kicin ta kafa mini dokoki. Kada gishiri ya shiga abincin babanta, don zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Kada ya hau bene shi kaɗai. Sannan kada kowa ya shigo gidan in ba ita ta ce ba, ko da fasto ne.

"Kin gane, Jemimah?"

Na ce na gane. Ita a kemis take aiki a cikin gari, ta fita bakwai na safe, ba ta dawowa sai shida. Ni kuma ejensi mai kula da tsofaffi ce ta turo ni. Wata biyar na yi ina ciko, yau a wannan gida gobe a wancan, ina jiran su ba ni wuri ɗaya. Da aka ce an samu wani gida a Pleasant Garden, a wajen birnin Greensboro, kwana biyar a sati, tsoho ɗaya mai iya wanka da kansa, sai da na ba da shaida a coci.

Ba wanda ya gaya mini zancen Talata.

Sunansa Lucjan, mutumin Poland, shekara tamanin da ɗaya. Bakina bai iya sunan ba, sai nake ce masa Baba Lusiyan. Sauran ranaku yana yini da rigar barci. Amma ranar Talata sai ya yi aski, ya sa farar riga da naktaye da kwat, ya zauna a teburin cin abinci da babban littafi da biro. Ya sa kujera ɗaya a gabansa, ba kowa a kai.

"Zauna, Pani Jemimah," in ji shi. Pani haka suke kiran mace a ƙasarsu. "A garina, Talata ranar jama'a ce. Daga goma zuwa biyu ƙofar magajin gari a buɗe take, kowa ya shigo da kukansa. Shekara goma sha biyu ban tsallake ko ɗaya ba. Mene ne ƙorafinki?"

"Babu, Baba."

"Ba mutumin da ba shi da ƙorafi."

"Ni dai babu."

Tunda ba ni da ƙorafi, sai ya ba ni tarihi. Ina guga yana bina da shi, ina goge daɓe yana ɗaga ƙafa yana ci gaba. Malamin lissafi ne a wani gari da ake kira Zalipnica. A 1990, da aka fara zaɓe na gaskiya a ƙasarsu, ya zama kansila. Bayan shekara huɗu sauran kansiloli suka ɗora shi magajin gari. Ruwa ya ci rabin garin a 1997, ya yi kwana shida bai cire takalmin roba ba. Ya gina gada. Ya gina wurin tace ruwan kwata, kuma wannan wurin ya fi so ya yi mini bayaninsa lokacin da nake cin abinci. A 2006 ya tashi kasuwa daga tsakiyar gari ya mayar da ita bayan tashar jirgin ƙasa, matan kasuwa suka haɗa kai suka kayar da shi da ƙuri'a sittin da uku.

"Sittin da uku! Na san su ɗaya bayan ɗaya. Har da ƙanwar matata."

Daga nan gwamnati ta naɗa shi mataimakin gwamnan lardi. Bai cika shekara biyu ba gwamnatin ta faɗi, direbansa ne ya fara jin an sauke shi a rediyo. Ya ƙara shekara huɗu a majalisar lardi, sannan matarsa ta rasu, 'yarsa Halina ta ɗauko shi zuwa nan Amurka.

A sati uku na haddace wannan labari kamar addu'ar Ubangiji. Da na riƙe shi a cikina da ba abin da ya faru.

Anti Christy, ƙanwar babana, a wurinta nake zaune a wani gidan haya mai hawa uku kusa da titin Wendover. Ita take sauke ni da safe ta ɗauke ni da yamma. Wata rana a mota ta ce, "Wai me tsohon nan yake gaya miki, kullum kin fito kamar an dake ki?"

"Labarin lokacin da yake magajin gari."

Ta taka birki har jakata ta faɗi. "Magajin gari?"

"Da mataimakin gwamna. Amma a Poland, Anti. Can wajen Jamus. Kusan shekara ashirin da suka wuce."

"Ke yarinya ce. Manyan nan duk sun san juna. Waya ɗaya zai buga."

"Wa zai buga wa?"

Ta riga ta tafi cikin tunani. A lokacin watan Janairu ne, hitar da ke ɗumama gidan hayarmu ta yi kwana tara a lalace, manaja ya daina ɗaga waya.

Ashe Anti ta baza labari. Talatar da ta biyo baya, goma da kwata, aka buga ƙararrawa. Na buɗe, sai ga Baba Shekari cikin babbar riga. Dattijo ne a cocinmu, ɗan ƙauyenmu, shi ya je ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka a ƙasar nan. A bayansa Alhaji Dabo, maƙwabcinmu na hawa na biyu mai tuƙa tasi, riƙe da wani ƙunshi.

Na durƙusa na gaishe su. Na so in ce an hana. Amma ta yaya zan rufe wa sa'an babana ƙofa a fuska, cikin wannan sanyi?

"Mai girma yana ciki?" in ji Baba Shekari.

"Baba, ai matar gidan ta ce..."

Daga ciki Baba Lusiyan ya ɗaga murya. "Su wane ne? Shigo da su! Yau Talata!"

Suka cire takalma a bakin ƙofa. Baba Shekari ya dunƙule hannu ya yi jinjina. "Ranka ya daɗe!" Tsohon bai san ma'anarta ba amma ya miƙe tsaye, ya gyara naktaye, fuskarsa ta yi ja. Alhaji Dabo ya buɗe ƙunshin a kan tebur. Kilishi ne.

"Alhaji, ba ya cin gishiri," na ce da Hausa, a hankali.

"Haba Jemimah, a zo wurin babba hannu rabbana? Ɗan taɓawa kawai zai yi."

Ɗan taɓawar nan rabin ƙunshi ne. Yana ci yana tari yana share hawaye yana rubutu. Ya tambaye su ranar da hita ta mutu, da yawan yara a gidan, da sunan manaja. Ya rubuta wasiƙa, ya sa mata lamba a sama, ya jera muƙamansa duka a ƙasa, layi huɗu. Ya ce su kai da hannu, su sa a buga musu hatimin karɓa a kofi ɗaya.

Bayan kwana biyu aka gyara hita.

Ni na san dalili. Tun satin da ya wuce na ji mai gyaran yana gaya wa wani a matakala cewa madadin ƙarfen da ya lalace yana kan hanya daga Ohio. Na gaya wa Anti. Ta ce baƙin ciki ba kyau. Ranar Lahadi Baba Shekari ya tashi a gaban jama'a ya ce Ubangiji ya ajiye mana gwamna a Pleasant Garden, kuma ta hannun ƙaramar yarinya ya nuna mana shi. Kowa ya juyo yana kallona yana tafi. Da ƙasa ta buɗe da na shige.

Talata ta biyu mutum huɗu suka zo. Ta uku, bakwai. Wata tana son bizar uwarta. Wani an ɗauke wa yaransa wurin tsayawar motar makaranta. Malam Younoussa, wani ɗan Nijar, karen maƙwabci ya kawo ƙara, yana ta ce wa tsohon "Musye" suna gwada Faransanci. Kuma ba wanda ya zo hannu wofi. Matan zumuntar cocinmu suka kawo farfesun kan rago, da dambun nama, da yaji a kwalba. In na ɓoye a bayan firji ya gano. In na zuba a shara, mai kawowar ta tambaye ni ranar Lahadi ko mai girma ya ji daɗin miyarta.

Daga biyu zuwa shida ina buɗe tagogi, ina fesa turare, ina wanke kofuna. 

Na same shi na ce, "Baba, Madam ta hana baƙi. Za a kore ni."

"Halina? Halina ko zaɓen monitar aji ba ta taɓa ci ba."

"Ita ta ɗauke ni aiki."

"Jama'a ce ta ɗauke mu duka, Pani Jemimah. Ki kawo ƙarin kujeru daga gareji."

Na samu Anti na ce ta roƙi Baba Shekari. Ta ce, "Ni in je in ce wa dattijo kada ya taimaki mutane? Ke dai ki yi ta addu'a. Wa zai kore ki kina gidan gwamna?"

"Ba gwamna ba ne!"

"Kada ki ɗaga mini murya."

Bizar ba ta fito ba. Motar makaranta ba ta dawo ba. Karen yana nan yana haushi. Ba wanda ya ga laifin tsohon, suka ce manyan abubuwa sukan ɗauki lokaci. Ni abin da nake gani ƙafafunsa ne. Safa ta fara yi masa zobe a idon sawu, silifas ɗinsa ya daina shiga. Na rubuta a takardar rahoto cewa ƙafa ta kumbura, amma ban rubuta dalili ba. Wannan laifina ne, na sani.

Madam Halina ta karanta rahoton, ta kama masa layin likita ranar Talata ƙarfe ɗaya, ta manta ba ta gaya mini ba. Sha biyu da rabi na ji mota a waje. Na leƙa ta taga na gan ta tsaye a bakin ƙofarta tana kallon takalma, ƙafa tara a jere, har da na yara biyu.

Ta shigo. Wata da ke ba jariri mama ta juya baya. Madam ta dubi kujerun gareji, ta dubi kulolin abinci, ta tsinki kilishi ta sa a harshe ta tofar a tishu. Ta durƙusa ta danna ƙafar babanta da babban yatsa. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba.

"Jemimah. Su wane ne waɗannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Dube ni in ina miki magana."

A gidanmu, in babba yana faɗa ka kalle shi cikin ido, rashin kunya ne. Wuyana ya ƙi ɗagawa. Ita kuma ta ɗauka ina ɓoye wani abu da ya fi wannan.

Baba Shekari ya miƙe ya gyara riga. "Madam, ki kwantar da hankalinki. Yarinyarmu ce, mu muka rene ta. Ita ta haɗa mu da mai girma."

"Ita ta haɗa ku."

"Ƙwarai. Yarinyar kirki."

Na so in toshe masa baki da kula. Baba Lusiyan ya buga tebur ya fara jawabi, rabi da Turanci rabi da yarensu, cewa shi ya kira su, ƙofar magajin gari ba ta rufuwa, ko lokacin ambaliya bai kori kowa ba. Bai kai ƙarshe ba numfashi ya gagare shi, ya koma ya zauna yana haki. Madam ta yi masa magana biyu da yarensu, ya yi shiru. Sannan ta juyo gare ni, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ɗauki jakarki. Ki bi su."

Kwana uku ya yi a asibiti ana cire masa ruwa a jiki. Ranar Juma'a matar ofishin ejensi ta kira ni. Ta ce Madam Halina ba ta son sake ganina. Ta ce a ƙa'ida sallama ce, amma gidajen da na yi ciko duk sun yabe ni, don haka za ta gwada ni sau ɗaya. Akwai wata tsohuwa a McLeansville, kwana uku a sati, daga Litinin ƙarfe sha ɗaya.

"Amma ki ji ni da kyau. In na ji mutum ɗaya daga cikin mutanenki ya je wancan gida, ko ya zo ofishin nan, shi ke nan. Daga ni har sauran ejensin garin nan, ba mai ƙara ɗaukarki."

Na yi godiya. Na yi tsammanin an gama.

Ranar Lahadi bayan sujada, Baba Shekari ya tara mutane a wurin fakin, har Alhaji Dabo ya zo musamman ya tsaya a gefe da takardu. Baba ya ce an yi wa yarinyarmu rashin adalci, kuma ba za mu zauna ba. Gobe ƙarfe tara za a je ofishin ejensi a ba da haƙuri, dattawa shida da mata biyar, a motar coci. Ya ce mai girma da kansa ya bugo wa Alhaji waya daga gadon asibiti ya yi masa shiftar wasiƙa, mutum hamsin da biyu sun sa hannu.

Alhaji ya karanta mana. Shafi uku ne. Ya fara daga zaɓen 1990. Sai da aka wuce ambaliya da gada da ruwan kwata da majalisar lardi kafin sunana ya fito, a layi na biyun ƙarshe. Mutane suka yi tafi. Wata mata ta ce wannan Turanci ko alƙali sai ya girgiza.

"Baba," na ce, "matar ofis ta ce kada kowa ya je."

"Haka suke faɗa. In suka ga furfura za su ji kunya."

"Ba haka suke ba a nan."

"Ke dai ki yi shiru, magana ta wuce hannun yara."

Na yi shiru kamar yadda na saba. Na yi shiru a mota, na yi shiru a gida, na kasa cin tuwon da Anti ta tuƙa.

Litinin takwas da rabi na leƙo daga hawa na uku na ga farar motar coci a ƙasa. Suna ta shiga, manyan riguna da gwaggwaro, wata ta riƙe kula. Har ofis ma da abinci za su je. Ban san lokacin da na sauko ba, da yunifom ɗina da silifas na wanka. Alhaji Dabo ne a sitiyari, ya riga ya tayar. Na je na tsaya a gaban motar.

Ya yi hon kaɗan, yana dariya. Ban matsa ba. Baba Shekari ya zuge gilashi ya leƙo.

"Ki shigo mana, akwai wuri a baya."

"Baba, kada ku je."

"Me kika ce?"

"Na ce kada ku je!" Muryar da ta fito ban san ta ba. "Hitar nan, ƙarfenta yana hanya tun kafin ku taka gidan mutumin nan. Ba ya iya sa a kunna fitilar titi ɗaya a garin nan. Mutanen garinsu ma da ya yi wa gada sun kayar da shi. Tsoho ne mara lafiya, kun ɗura masa gishiri har ya kwanta a asibiti, ni kuma na tsaya ina kallo don ina jin kunyarku. Kun raba ni da gida ɗaya. In kuka je ofishin nan yau ba ni da aiki a Greensboro gaba ɗaya. Wa zai ɗauke ni a cikinku? Baba, kai za ka ɗauke ni? Ku bar mini wannan ɗin. Don Allah ku sauka!"

Wani Bature da ke fitar da shara ya tsaya yana kallo. Na dafa bonet da hannu biyu.

Alhaji Dabo ne ya fara kashe inji. "Baba," ya ce, "ni dai ba zan taka 'yar mutane ba. Kuma zancen hitar nan, ni ma na ji mai gyaran."

"Ka ji, ka yi shiru?" in ji Baba Shekari.

"To, na ga kowa yana murna."

Mai kular ta ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, Amurka ta gama da su. Suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallona. Baba Shekari ya sauko a ƙarshe. Ya daɗe yana dubana, ni kuma a karon nan ban sunkuya ba, ko da yake idona ya cika. Ya miƙo mini takardun.

"Ga shi. Tunda kin girma."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na ce ya yi haƙuri. Ya juya ya nufi motarsa.

Goma da rabi Anti Christy ta ɗauke ni. Daga Wendover har muka bar gari, muka shiga gonaki da gidaje jefi-jefi, ko rediyo ba ta kunna ba. Ta tsaya nesa da gidan tsohuwar, wajen akwatin wasiƙu.

"Ƙarfe nawa za ki tashi?"

"Biyar."

"Ki fito nan bakin titi ki jira ni. Ba zan ƙarasa ƙofar ba."

"Na gode, Anti."

"Sauka, kada ki makara."

Na sauka na taka tsakuwar har ƙofa, saura minti huɗu sha ɗaya ta cika.